Igiyar da Kowa Zai Iya Ja: Tarihin Tsarin Ajayil da Abin da Aka Bari a Hanya

A ranar 11 ga Fabrairun 2001, mutum 17 suka sauka a wani masauki da ke Snowbird, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara cikin tsaunukan jihar Yuta ta Amurka. Dukansu maza ne, kuma kowannensu ya shafe shekaru yana rubuta manhajar kwamfuta ko yana ba kamfanoni shawara kan yadda ake rubuta ta. Da yawansu abokan gasar juna ne, domin kowa na da tsarin aikin da yake tallatawa. Bayan kwana uku suka tashi da wata gajeriyar sanarwa wadda ba ta cika shafi guda ba. Abin da suka amince a kansa suka raɗa masa suna da wata kalmar Turanci, ajayil, wadda ake siffanta mai zafin nama da ita, irin wanda zai sauya alƙibla yana cikin gudu ba tare da ya faɗi ba.

Yau, bayan sama da shekara 20, kalmar ta fita daga ɗakunan masu manhaja ta shiga bankuna, kamfanonin sadarwa, ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikata tsaye cirko-cirko da safe a gaban allon da aka manne da ƙananan takardu kala-kala, to ya ga jikan taron Snowbird. Sai dai wasu daga cikin mutanen nan 17 sun rayu sun ga abin da suka haifa ya rikiɗe ya koma abin da suka guje wa, har ɗayansu ya shawarci masu rubuta manhaja da su yi watsi da shi. Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an koma baya shekara 90 daga ranar taron, zuwa ga wata tambaya da ta girmi kwamfuta: idan aiki ya fara lalacewa, wa ke fara gani, kuma yana da ikon cewa a tsaya?

Agogon Taylor da masaƙar Toyoda

A 1911 wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya wallafa littafi kan abin da ya kira gudanarwa ta kimiyya. Taylor ya yi aiki a masana'antun ƙarfe, inda yakan tsaya a kan leburori riƙe da agogon ƙidayar daƙiƙa yana auna kowane motsinsu, daga sunkuyawa har zuwa ajiye kaya. Ya yi iƙirarin cewa a kamfanin Bethlehem Steel ya ɗaga abin da lebura ɗaya ke lodawa a rana daga tan 12 da rabi na ƙarfe zuwa tan 47. Masana tarihi sun yi shakkar labarin daga baya, amma aƙidar da ke bayansa ta mamaye masana'antun duniya. Aƙidar ita ce a raba tunani da aiki. Na ofis su tsara, su rubuta yadda za a yi komai. Masu hannu su aiwatar ba ƙari ba ragi. A irin wannan tsari, kuskure yakan zauna yana jira har mai duba aiki ya same shi a ƙarshen layi.

Amsa ta biyu daga Japan ta fito, kuma daga saƙa ta faro. Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta, ya ƙare rayuwarsa yana ƙera injinan saƙa. Wanda ya kammala a 1924 yana da wata dabara: da zarar zare ɗaya ya tsinke, injin zai tsaya da kansa. Duk wanda ya san saƙa ya san amfanin haka. Zaren da ya tsinke ba a lura ba yakan ja aibi tsawon yadin, kuma gyaran da zai ci daƙiƙa kaɗan a lokacin da abin ya faru yakan zama asarar turmi guda idan sai an gama aka gano.

Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani injiniyan kamfanin mai suna Taiichi Ohno ya mayar da dabarar masaƙa ta zama ƙa'idar masana'anta baki ɗaya. Aka rataya igiya a saman layin haɗa motoci, haɗe da fitilar da ake kira andon. Ma'aikacin da ya ga matsala, komai ƙanƙantar muƙaminsa, yana iya jan ta. Fitila za ta kama, shugaban rukuninsa ya garzayo, idan kuma ba a warware matsalar cikin ɗan lokaci ba layin ya tsaya. Ohno ya ƙara da katin kanban, wanda ya hana a ƙera wani sashe sai na gaba ya aiko da kati yana neman sa. Hikimar ita ce tarin kaya a sito yana ɓoye aibi: wanda ya ƙera dubu kafin a gwada ɗaya, aibinsa ya riga ya shiga dubun.

Taylor da Ohno duka gudun ɓarna suke yi. Inda suka rabu shi ne kan wanda aka yarda da idonsa.

Lokacin da manhaja ta fi ƙarfin masu ita

A shekarun 1960 kwamfutoci suka ƙaru da ƙarfi, buƙatun da ake ɗora musu suka ninka, ayyukan manhaja kuma suka fara wuce wa'adi da kasafi a kai a kai. A Oktoban 1968 ƙungiyar tsaro ta NATO ta tara ƙwararru kimanin 50 a garin Garmisch na Jamus don duba lamarin, wanda aka riƙa kira rikicin manhaja. Maganin da ya fi jan hankali shi ne a mayar da rubuta manhaja wani reshe na injiniyanci, a bi ta da tsari irin na gina gada.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan zamani shi ne Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, aikin da ya haɗa sama da mutum 1,000 a lokacin da ya fi cika. A littafinsa na 1975, The Mythical Man-Month, ya bayyana darasin da ya koya: ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara yakan ƙara makarar da shi. Karin maganar nan ta hannu da yawa maganin ƙazamar miya ba ta aiki a nan, kuma dalilin lissafi ne. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma waɗanda za su koya masa su ne waɗanda aiki ya riga ya danne. Ban da haka, hanyoyin magana tsakanin mutane suna ninkuwa fiye da adadinsu. Mutum 5 na da hanyoyi 10 a tsakaninsu, mutum 10 na da 45, mutum 50 kuwa na da 1,225.

A 1970 wani injiniyan kamfanin TRW, Winston Royce, ya gabatar da maƙala mai ɗauke da zanen matakai da ke gangarowa kamar matakala: a tattara buƙatu, a yi nazari, a tsara, a rubuta, a gwada, a miƙa. Wannan zane ne aka sani daga baya da tsarin gangarar ruwa, domin ruwan da ya gangara ba ya komawa sama. Abin mamaki shi ne Royce da kansa ya yi gargaɗi a cikin maƙalar cewa bin matakan a haka yana da haɗari, saboda gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gano kuskure ke nufin komawa farko. Ya ba da shawarar a fara yin gwajin ginin kafin na ainihi, a kuma riƙa shigar da mai aikin cikin lamarin tun da wuri. Aka ɗauki zanen aka bar gargaɗin. A 1985 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar DOD-STD-2167, wadda 'yan kwangila suka fahimta a matsayin umarnin bin matakan ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki da tarin takardunsa.

Ba wauta ce ta sa manajoji suka rungumi wannan tsari ba. Ya dace da yadda ake ba da kwangila da yadda ake tsara kasafi, kuma kowane mataki na ƙarewa da sa hannu, wanda ke nuna wanda za a kama idan abu ya ɓaci. Matsalar tana cikin yanayin manhaja kanta. Mai gida zai iya duba zanen gini ya hango falonsa. Ma'aikacin banki ba zai iya duba kundin buƙatu mai ɗaruruwan shafuka ya hango yadda aikinsa na yau da kullum zai kasance ba. Sai ya zauna a gaban manhajar ya taɓa ta sannan yake sanin abin da yake so, kuma a tsarin gangarar ruwa wannan zama na zuwa ne bayan shekara biyu ko uku, an riga an kashe kuɗin.

Wasan ragbi da albashin Chrysler

A Janairun 1986 wasu malaman jami'a biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka wallafa maƙala a mujallar Harvard Business Review. Ba kan manhaja suka yi ta ba. Sun duba yadda kamfanoni irin su Honda, Canon da Fuji-Xerox ke fito da sababbin motoci, kyamarori da injinan kwafi cikin sauri. Suka kamanta tsohon tsari da tseren miƙa sanda, inda kowane sashe ke gama nasa ya miƙa wa na gaba. Kamfanonin da suka yi fice kuwa, a cewarsu, sun fi kama da ƙungiyar wasan ragbi: ƙwararru daga fannoni daban-daban cikin rukuni guda, suna tafiya tare suna miƙa wa juna ƙwallo, shugabanni kuma sun ba su manufa sun bar musu zaɓin hanya.

Daga wannan maƙala Jeff Sutherland ya aro sunan Scrum, wato cukuikuyar da 'yan ragbi ke yi kafaɗa da kafaɗa suna tura juna don ƙwace ƙwallo. Ya fara gwada tsarin a kamfanin Easel a 1993, kuma a 1995 shi da Ken Schwaber suka gabatar da shi a wani taron masana a birnin Austin na jihar Teksas. Tsarin mai sauƙin faɗa ne. Ƙaramin rukuni zai ɗauki abin da zai iya gamawa cikin zango ɗaya, wanda bai wuce wata guda ba. Kullum za su yi taron minti 15, galibi a tsaye don kada ya yi tsawo. A ƙarshen zango za su nuna abin da ke aiki a zahiri, sannan su zauna su waiwayi yadda suka yi aikin.

A 1996 kamfanin motoci na Chrysler ya gayyaci Kent Beck ya duba wata manhajar biyan albashi da ta cije. Beck ya ba da shawarar a sake ta daga tushe, aka kuma ba shi ragamar aikin. A nan ya haɗa ɗabi'un da suka zama tsarin Extreme Programming. Mutum biyu su zauna a kwamfuta ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na dubawa. A rubuta gwajin da zai tantance aiki kafin a rubuta aikin kansa. A riƙa haɗa abin da kowa ya rubuta sau da yawa a rana, a sa kwamfuta ta gudanar da dukan gwaje-gwajen, ta yadda kuskure zai bayyana cikin mintuna. Wakilin masu aikin ya zauna cikin ɗaki ɗaya da masu rubutu. Kada a wuce awa 40 a mako, domin gajiyayye kuskure yake rubutawa. Gwajin nan da ke faɗuwa nan take shi ne masaƙar Toyoda a duniyar manhaja.

Ƙarshen aikin Chrysler ya cancanci a faɗe shi, domin masu tallata tsarin ba su cika ambatonsa ba. A 1997 manhajar ta fara biyan ma'aikata kimanin 10,000, amma ba ta kai ga 87,000 da aka nufa ba. Wakiliyar masu aikin ta gaji ta bar kujerar, ba a kuma samu wanda ya maye gurbinta yadda ya kamata ba. A farkon 2000, bayan haɗewar Chrysler da Daimler-Benz, aka soke aikin. Tun daga ranar farko ke nan an ga cewa tsarin na ɗora nauyi mai yawa a kan mai aikin, wanda dole ya kasance a kusa kullum yana yanke shawara.

Abin da aka rubuta a Snowbird

Beck, Sutherland da Schwaber duk suna cikin mutum 17 na Snowbird, tare da irin su Martin Fowler, Ron Jeffries, Dave Thomas, Alistair Cockburn da Ward Cunningham, wanda ya ƙirƙiro shafin wiki na farko a 1995. Kafin taron ana kiran hanyoyinsu tsare-tsare marasa nauyi, sunan da ba su so, domin yana kama da raini.

Sanarwar da suka fitar ta jera abubuwa huɗu da suka fifita a kan wasu huɗu. Sun fifita mutane da mu'amalarsu a kan ƙa'idoji da kayan aiki. Manhajar da ke aiki a kan tarin takardun bayani. Haɗa kai da mai aiki a kan ja-in-ja kan sharuɗɗan kwangila. Da karɓar sauyi a kan manne wa tsarin da aka zana tun farko. Suka rufe da cewa abubuwan da aka fifita wasu a kansu su ma suna da daraja, maganar da ake yawan mantawa. Daga baya suka ƙara ƙa'idoji 12. Cikinsu akwai cewa a ba ma'aikata yanayi da tallafin da suke buƙata a kuma amince musu. Cewa rukunin da ke tsara kansa ne ke fito da aiki mafi kyau. Da cewa a yi aiki da saurin da za a iya ɗorewa a kansa ba tare da an ƙone ba.

Babu taron tsaye a cikin sanarwar. Babu allo, babu takardu kala-kala, babu satifiket. Sauri ma ba shi ne jigonta ba. Jigonta shi ne a rage tazarar da ke tsakanin yin kuskure da gano shi, a kuma bar wanda ke kusa da aikin ya yanke hukuncin da ya shafi aikin.

Darasin dala miliyan 170

Hujja mafi ƙarfi da tsarin ya samu daga gwamnatin Amurka ta zo. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, hukumar bincike ta FBI ta matsa lamba a kammala wata manhaja mai suna Virtual Case File, wadda za ta maye gurbin fayilolin takarda da tsohuwar na'urar da jami'anta ke amfani da su. An rubuta kundin buƙatu mai ɗaruruwan shafuka, kamfanin kwangila ya tafi ya gina, aka kuma shirya sauya tsoho da sabo a lokaci guda. Da aka miƙa aikin a ƙarshen 2003 sai aka tarar bai amfanu ba. A 2005 aka yi watsi da shi bayan an kashe kimanin dala miliyan 170.

A 2006 aka sake ba da sabuwar kwangila mai suna Sentinel ga kamfanin Lockheed Martin, ita ma ta fara wuce wa'adi da kasafi. A 2010 hukumar ta karɓe ragamar aikin, ta rage ma'aikatan daga ɗaruruwa zuwa 'yan gomiya, ta zaunar da su a hedikwatarta da ke Washinton tare da jami'an da za su yi amfani da manhajar, aka koma aiki a zangon mako biyu-biyu. Aikin bai tafi sumul ba, an ma ɗage wa'adinsa, amma a Yulin 2012 manhajar ta fara aiki a duk faɗin hukumar.

Kamfanonin intanet kuwa sun kai ƙa'idar aiki kaɗan-kaɗan inda mutanen Snowbird ba su hango ba. A 2011 wani jami'in Amazon ya bayyana cewa a ranakun aiki kamfanin na sakin sabon gyara a manhajarsa kusan kowace daƙiƙa 12. Ƙaramin gyara idan ya kawo matsala ana gane shi nan da nan a janye shi.

Yadda agogo ya dawo ta ƙofar baya

Nasara ta jawo kasuwa. Tun a farkon shekarun 2000 aka fara ba da satifiket na jagoran Scrum bayan kwas na kwana biyu. A 2011 Dean Leffingwell ya fito da SAFe, tsarin da ke alƙawarin yaɗa ajayil a manyan kamfanoni, mai zane cike da muƙamai da matakai. Kamfanonin ba da shawara suka shiga sayar da sauyin a dunƙule, shugabanni kuma suka riƙa saye su ɗora wa ma'aikata daga sama, alhali tsarin da suka saya ya ginu ne a kan cewa rukuni ne ke zaɓar yadda zai yi aikinsa.

Abin da ke faruwa a irin waɗannan wurare sananne ne ga duk wanda ya zauna a cikinsu. Taron tsaye, wanda aka yi don abokan aiki su daidaita tsakaninsu, ya koma wurin da kowa ke kare kansa a gaban manaja. Zango, wanda aka yi don a gwada a koyi darasi, ya koma wa'adin da ke dawowa duk mako biyu ba hutu. Zaman waiwaye ya koma taron da ake faɗin abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Makin ƙiyasi ne ya fi nuna yadda abin ya karkace. Masu manhaja kan ba kowane aiki maki gwargwadon wahalarsa, don su san abin da za su iya ɗauka a zango mai zuwa. Da manajoji suka fara kwatanta rukuni da rukuni da waɗannan maki, suna neman adadin ya riƙa hawa, sai aikin da jiya aka ba maki 3 yau ya zama 5. Masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura da irin wannan tun 1975: ma'aunin da aka mayar abin buri yakan daina auna gaskiya. Agogon Taylor ne ya dawo, sanye da rigar Ohno.

Waɗanda suka sa hannu a Snowbird sun gani, sun kuma yi magana. A 2014 Dave Thomas ya rubuta cewa kalmar ta mutu, domin 'yan kasuwa sun ƙwace ta. A 2018 Ron Jeffries, wanda ya yi aikin Chrysler tare da Beck, ya shawarci masu rubuta manhaja da su rabu da tsare-tsaren da ake sayarwa da sunan ajayil, su riƙe ɗabi'un asali. A shekarar kuma Martin Fowler ya yi kakkausar suka kan masana'antar da ta taso tana tilasta wa rukunoni tsari.

Abin da ba a iya ɗauka a hoto

Wannan ba shi ne karon farko da aka kwafi siffar tsarin Toyota aka bar ruhinsa ba. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki, yajin aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan ne. An tura ɗaruruwansu Japan suka ga yadda ake aiki, aka rataya musu igiya, aka kuma yi alƙawarin ba za a sallami mutane ba sai in kamfanin na fuskantar durƙushewa. Cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun mafi inganci a duk General Motors. Da kasuwa ta faɗi a 1988, ba a kori kowa ba. An tura su horo ne.

General Motors ya yi ƙoƙarin kai tsarin wasu masana'antunsa, aka sha wahala shekara da shekaru. Igiya abu ce mai arha. Amma inda ake auna manaja da yawan motocin da suka fita, inda kuma ma'aikaci ya san tsayar da layi na iya jawo masa fushin na sama, igiyar za ta yi ta rataye ba mai taɓa ta.

Bincike ya zo ya tabbatar da haka daga wani fanni. A shekarun 1990 Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta nazarci rukunonin ma'aikatan jinya a asibitoci, tana tsammanin rukunonin da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai alƙaluma suka nuna sun fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da ta zurfafa sai ta gano cewa sun fi faɗin kuskurensu ne, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. Ta kira wannan yanayi amincin zuci a wurin aiki, wato mutum ya san faɗin gaskiya ba zai zame masa abin kunya ko hukunci ba. Bayan shekaru, kamfanin Google ya nazarci rukunoninsa 180 yana neman sirrin waɗanda suka yi fice, ya kuma tarar wannan aminci ne kan gaba a cikin abubuwan da suka bambanta su.

Wannan ba ya nufin ajayil maganin kowace cuta ne. Manhajar jirgin sama ko ta na'urar asibiti na buƙatar takardu da tantancewar da ba a gaggauta su. Aikin da aka san duk buƙatunsa tun farko bai cika amfana da zango-zango ba. Kuma kamar yadda Chrysler ya nuna, in mai aikin ba shi da lokacin zama da masu yi, rabin tsarin ya tafi. Amma inda ba a san ainihin abin da ake buƙata ba sai an gwada, wanda shi ne halin yawancin aikin ofis na wannan zamani, tarihin shekara 100 ya karkata ga ɓangaren Ohno: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ke riƙe da iccen ne ya san ɗanyensa.

Saboda haka ma'aikatar da ke son sanin ko ta kama tsarin ko kuwa kayan adonsa kawai ta saya, ba ta buƙatar ƙirga tarurrukanta ko satifiket ɗin ma'aikatanta. Ya ishe ta ta tuna ranar ƙarshe da wani ƙaramin ma'aikaci ya tashi a gaban shugabansa ya ce wa'adin nan ba zai yiwu ba, ko abin da ake ginawa ba shi mutane ke buƙata ba, sannan ta duba abin da ya same shi a makon da ya biyo baya. Sauran ma'aikatan sun riga sun duba, kuma da abin da suka gani suke yanke shawarar ko za su ja igiyar a karo na gaba.